Bibiyar tsohon kishimi da kyamarar daji: jagora ga maharbin kwari da baka

A dazuzzuka da gonakin Amurka da kudancin Kanada akwai wata barewa wadda in ta firgita sai ta ɗaga wutsiya ta zura da gudu, farin gashin da ke ƙarƙashin wutsiyar yana kaɗawa kamar tuta. Da wannan farar wutsiya ake kiranta, kuma babu babbar dabbar dajin da ake farauta a Amurka kamarta. Namijinta, wato kishimi, yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa kowane hunturu ya tsiro sabo. Yawanci ana haifar 'ya'yan bareyin nan daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, farauta kuwa a kaka ake yinta, shi ya sa kullum za ka ji maharba suna lissafin shekarun kishimi da rabi-rabi: ɗaya da rabi, biyu da rabi, har sama.

Ɗan shekara ɗaya da rabi ba ya ba da wahala, ko da hantsi sai ka gan shi a fili yana kiwo. Wanda ya kai huɗu da rabi ko biyar da rabi kuwa ya tsallake kakar farauta huɗu ko biyar da ransa. Ya san warin mutum, ya san ƙarar ƙofar mota, ya san irin bishiyar da ake laɓewa a kai, kuma yawancin yawonsa da dare yake yi. Mai bindiga zai iya hango shi daga yadi 200 ya gama da shi. Mai baka dole ya bari ya matso yadi 20 zuwa 30, a lokacin da doka ta yarda a yi harbi, iska kuma ba ta riga ta kai masa labari ba. To a dajin da ya kai ɗaruruwan eka, ta yaya mutum zai san bishiyar da zai hau da ranar da zai hau ta?

Nan kyamarar daji ta shigo. Dabarar ta tsufa: tun a shekarun 1890 wani mai suna George Shiras yake ɗaure zare a turbar bareyi a jihar Mishigan, dabba in ta taɓa zaren sai ta ɗauki hoton kanta, kuma mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Ta yau ɗan akwati ne da ake ɗaurewa a jikin bishiya ya yi watanni yana gadi. Sai dai abu biyu nake so ka riƙe tun yanzu, domin duk matakan da ke tafe a kansu suke. Kyamara labarin jiya take ba ka, inda kishimi ya riga ya wuce. Kuma duk zuwan da ka yi wurinta kana barin warinka a ƙasa, shi ma yana karanta labarinka kamar yadda kake karanta nasa.

Fara da dokar jihar

Kowace jiha a Amurka da hukumarta ta namun daji, dokar kyamara kuma ba ɗaya ba ce. Arizona ta haramta amfani da ita don farauta tun farkon 2022. Kansas, wadda ta yi suna wajen manyan kishimai, ta hana rataya ta a filayen farauta da ke hannun hukuma a 2023. Wasu jihohin sun yarda da kyamara amma sun hana zuba masara ko gishiri a gabanta, saboda wata cuta mai cinye ƙwaƙwalwar barewa har ta rame ta mutu. An fara gane cutar a Kolorado a 1967, ta bayyana a bareyin Wiskonsin a 2002, kuma tana yaɗuwa ta yawu da fitsari in dabbobi suka taru suna lasar wuri ɗaya. Ka karanta littafin dokar farauta na bana, kada ka dogara da na bara, domin ana sauya shi. In gonar wani ce, ka nemi izini, ka faɗa masa yawan kyamarorinka da inda suke. Babu mai son ya gano ana ɗaukar hoton iyalinsa a gonarsa ba da saninsa ba.

Kyamarar kanta

A gaban akwatin akwai wani ɗan ido da ke jin ɗumin jiki yana motsi. Ba hoto yake gani ba, bambancin zafi yake ji tsakanin dabba da abin da ke bayanta. Sanin wannan zai raba ka da kuskure da yawa. Idon ya fi saurin kama abin da ya gitta ta gabansa fiye da abin da ya doso shi kai tsaye. Ciyawar da rana ta gasa in iska ta kaɗa ta tana iya yaudararsa, ka dawo ka tarar da hoton ciyawa dubu biyu batir ya mutu. A tsananin zafin Agusta kuma, lokacin da ɗumin iska ya kusa na jikin barewa, jinsa yakan ragu.

Wajen saye kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ɗauke maka hankali. Ka duba saurin ɗauka, ya kasance rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka, in ba haka ba hoton wutsiya za ka riƙa samu. Sannan ka duba irin hasken da take yi da dare. Akwai mai walƙiya fari fat, hotonta mai launi ne amma duk dajin ya san tana nan. Akwai mai hasken da idon mutum ba ya gani sosai, na nanomita 850, wanda fitilunsa suke yin ɗan ja kamar garwashi. Akwai kuma na 940 wanda ba ya nuna komai, ko da yake hotonsa ya ɗan fi duhu kuma bai kai na 850 nisa ba. Don tsohon kishimi, da kuma don ɓarawo a filin gwamnati, na 940 nake zaɓa.

Ka sa batirin litiyam, domin na gama-gari yana sanyi da zarar ƙanƙara ta sauka, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Kowace kyamara ka ware mata katin memori biyu, ka rubuta lambarta a kansu, ka goge katin a cikin kyamarar kafin ka bar wurin. Kamfanoni suna da yawa, irin su Reconyx da Browning da Bushnell da Moultrie da Tactacam, kuma a ganina matsakaita guda shida sun fi mai tsada guda biyu amfani, domin yawan wuraren da kake gani shi ne jarin.

Taswira tukuna, sannan ƙafa

Kafin ka rataya ko ɗaya, buɗe hoton tauraron ɗan'adam na wurin tare da taswirar da ke nuna tudu da kwari. Manhajoji irin su onX suna haɗa su har da iyakokin gonaki. Abu uku kake nema: inda barewa ke kwana, inda take ci, da matsatsin da ke tsakaninsu. Matsatsi shi ne duk inda yanayin ƙasa ya tilasta wa dabba bin wuri ɗaya, kamar siririn kurmin da ya haɗa dazuzzuka biyu ta tsakiyar gonaki, ko lotsawar da ke tsakanin tudu biyu, ko bakin kwazazzabo inda ya ƙare, ko mashigin rafi mara zurfi, ko inda shinge ya karye.

Daga nan sai ka taka da ƙafarka, kuma lokacinsa Fabrairu ne zuwa Maris. An ce zuwa da kai ya fi aike, kyamara kuwa aike ce kawai. A watannin nan ganye bai tsiro ba, alamun kakar da ta wuce suna nan a fili, kuma ko ka kori kishimi daga makwancinsa yana da wata shida ko bakwai ya manta. Shiga ko'ina. Za ka ga makwancin tsoho shi kaɗai ne, babba, sau da yawa a gefen tudu ƙasa kaɗan da ƙoli, ko a ɗan busasshen wuri cikin fadama, ya ba iska baya yana shaƙar abin da ke bayansa, idonsa kuma na kallon gangare. Na mata kuwa da yawa ne a wuri ɗaya, manya da ƙanana. Ka sa alamar duk bishiyar da aka goge wa ɓawo da ƙaho. Ƙaramin kishimi ba ya cika taɓa bishiya mai kauri, don haka in ka ga mai kaurin cinya an feƙe ta, babba ne ya yi. In ka yi sa'a ma ka tsinci ƙahon da ya zubar, ka san ya tsira daga kakar bara.

Yuli da Agusta: ƙidaya

A lokacin zafi kishimai suna yawo garke-garke, maza zalla, ƙahoninsu na girma cikin wata fata mai laushi kamar karan-miski. Hankalinsu a kwance yake, suna fitowa gonar waken suya ko ta ciyawar alfalfa tun rana ba ta faɗi ba. Ka rataya kyamara a kusurwar gonar inda turba ta fito daga daji, ko a bakin ruwa, ko a kan gishiri inda doka ta yarda. Masu binciken Jami'ar Jihar Misisipi sun fitar da tsarin ƙidaya na kyamara ɗaya ga kowace eka 100, a bar ta kwana 10 zuwa 14, kuma ma'auni ne mai kyau ko ga wanda ba ƙidayar ilimi yake yi ba.

Aikinka a nan ɗaya ne, ka san su wane ne a unguwar. Kada ka auna shekaru da ƙaho, domin ɗan shekara uku mai kyawun iri da abinci yana iya fin ɗan shekara shida ƙaho. Jiki za ka duba, ka rufe kan da yatsa in ya zama dole. Ɗan shekara ɗaya da rabi kamar mace yake da aka ɗora wa ƙaho, ƙafafu dogaye, wuya siriri. Ɗan uku da rabi ƙirji ya cika, ciki a ɗame kamar dokin sukuwa. Daga huɗu da rabi wuya yakan haɗe da ƙirji ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare, ciki ya sauko daidai da ƙirji, ƙafafu su zama kamar sun gajarce. Ɗan biyar da rabi zuwa sama ciki ya fara zubowa, baya ya ɗan lotsa. Wannan awo ya fi fitowa a hotunan Oktoba, lokacin da wuya ya kumbura, amma tun Agusta za ka iya ware manya. Kowane babba ka nemi alamar da ba ta sauyawa, kamar tsagaggen kunne ko tabo a fuska, domin ƙaho zai sake kama baɗi. Ka buɗe masa jakarsa a kwamfuta.

Satumba: lokacin da suke ɓacewa

Wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba fatar ƙaho ta bushe su goge ta, garken maza ya watse. Ganyen waken suya ya yi rawaya su daina cinsa, 'ya'yan oak, wata babbar bishiya da barewa ke cin 'ya'yanta, su fara zuba a cikin daji. Sai maharbi ya ga kishimin da ya yi wata biyu yana kallo ya ɓace ko sama ko ƙasa. Wasu sun koma wani yanki mai nisan mil ɗaya ko fiye inda suke yin kaka, wasu kuma suna nan kusa, abincinsu ne ya sauya. A jihar da ake buɗe farautar baka da wuri, kamar Kentaki da ke buɗewa Asabar ta farko a Satumba, ana iya cin moriyar tsarin lokacin zafi kafin ya rushe. A Ayowa da Ilinoyi, inda sai 1 ga Oktoba, hotunan Agusta ƙidaya ce kawai.

Yanzu sai ka kwashe kyamarori daga bakin gona ka shigar da su ciki. Ka nemi farar oak da ke zubar da 'ya'ya, domin nata ba su kai na jar oak ɗaci ba, barewa ta fi son su. Za ka gane wadda ake ci da yawan sabon kashi a gindinta. Amma wurin da ya fi ko'ina tara kishimai gaban kyamara shi ne makarta.

Makarta wuri ne da kishimi yake karce ganye da kofato har ƙasa ta fito, faɗinsa kamar faifai ko tabarmar sallah, ya haɗe ƙafafun baya ya yi fitsari ta kan wani ƙullin gashi mai wari da ke cikin gwiwarsa. A samanta kullum akwai reshe da ya sauko daidai kansa, wanda yake lasa, ya tauna, ya goga goshi da gefen ido. Reshen nan shi ne zuciyar abin. In ka sare shi makarta ta mutu. Duk kishimin da ya ratsa unguwar, har da mata, yakan tsaya ya shaƙa ya bar nasa saƙon, kamar yadda baƙo ke biyawa ta majalisar ƙofar gida. Ba kowace makarta ce ta cancanci kyamara ba. Na bakin gona da dare ake ziyartarsu. Wadda kake so ita ce babba, a cikin duhuwa, kusa da makwanci, inda turba biyu ko uku suka haɗu, wadda ka ga alamarta tun zagayen Maris. In babu ita a inda ya dace da kai, ka yi ta jabu: ka karce ƙasa da sanda a ƙarƙashin reshe mai tsayin ƙirjinka, ko ka ɗaure kurangar daji ta sauko daidai nan. Sau da yawa ƙamshin sabuwar ƙasa kaɗai ya isa su karɓe ta.

Ga yadda ake ratayawa. Ka juya fuskar kyamara arewa, domin a can rana ta kudu take bi, in ka fuskanci gabas ko yamma hasken safe da na yamma zai wanke hoton. Tsakaninta da makarta ya zama ƙafa 15 zuwa 20. A kan turba kada ka fuskance ta a gicciye sosai, ka karkata ta bi tsawon turbar, dabba ta daɗe a gaban idon. Ka cire duk ciyawa da reshen da zai kaɗa a gabanta. Yawancin mutane a tsayin ƙugu suke ɗaurewa, kuma don ƙidaya hakan ya yi. Don tsohon kishimi ni nakan ɗaga ta sama da kaina, ƙafa 7 ko 8, in cusa ɗan itace a bayanta ta sunkuyo. Barewa ba ta cika ɗaga kai ba, ɓarawo ma haka. A makarta ka saita ta ta ɗauki hoto uku a jere ko gajeren bidiyo, ka ga ta inda ya shigo da inda ya nufa. Kafin ka tafi ka gitta ta gabanta ka tabbatar ta ɗauke ka, ka kuma duba kwanan wata da agogo.

Dubawa ba tare da ka tona kanka ba

A nan mafi yawan maharba suke ɓata aikinsu. Ɗokin ganin hoto yana sa mutum ya koma duk bayan kwana uku, ya tattake turba, ya taɓa reshe da hannu, sannan ya yi mamakin yadda babban ya koma yawon dare zalla. Kyamarar bakin gona da za ka iya kaiwa da mota ko tarakta, wadda bareyi suka saba da ƙararta, ka duba ta bayan mako biyu ko uku. Ta kusa da makwanci kuwa ka bar ta wata guda, ko ma har ƙarshen kaka, sai in hanyarka ta zuwa farauta ta bi ta nan. Ka je da tsakar rana, iska na kaɗa warinka nesa da makwanci, da takalmin roba da safar hannu, in da hali gab da saukar ruwan sama. Sauya kati ka juya, kallon hoto sai a gida.

Kyamara mai layin waya, wadda ke turo hoto kai tsaye, ta rage wannan matsala ƙwarai, kuma a wurin da ba ka son takawa babu kamarta. Amma tana da iyaka a wurina. Ganin hoto yanzu-yanzu ka ɗauki baka ka nufi dabbar ya fita daga farauta ta adalci, kuma ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ba ta shigar da dabbar da aka samu ta wannan hanya a kundinta. Ka saita ta ta turo sau ɗaya a rana. Batir ma zai fi daɗewa.

Karanta hoto

Sanin hali ya fi sanin kama. Hoton ƙaton ƙaho da ƙarfe biyun dare yana faranta rai, amma abin da ya faɗa maka kawai shi ne kishimin yana raye, kuma wataƙila makwancinsa na da nisa da nan. Hoton da ya fi daraja shi ne na rana, ko na kusa da rana.

Ka buɗe littafi, ko jadawali a kwamfuta. Duk hoton babban da kake bi ka rubuta kwanan wata, lokaci, kyamarar da ta ɗauka, ta ina ya fito, ina ya dosa. Sannan ka koma tarihin yanayi na tashar da ta fi kusa ka rubuta ta ina iska take busowa a wannan sa'ar da kuma yadda sanyi yake. Kada ka yarda da ma'aunin zafin da kyamara ke bugawa a hoto, rana in ta bugi akwatin ƙarya yake yi. Bayan hoto goma ko goma sha biyar za ka fara ganin zare. Wataƙila ba ya biyowa ta wannan makarta sai iska na busowa daga arewa maso yamma, domin da wannan iskar ne yake kwana a gefen tudun da ke kusa. Wannan shi ne abin da ka sha wahala dominsa.

Lokaci kuma yana nuna maka nisa. In yana isowa bakin gona minti 40 bayan duhu, kullum daga gabas, to ya tashi da sauran haske, ya ɗan tsaya wani wuri a cikin daji yana jiran dare. Ka matsar da kyamara yadi 100 ta inda yake fitowa, ka jira. In hoton ya dawo minti 15 bayan duhu, ka ƙara matsawa kaɗan. Da zarar ka same shi da haske, tsaya nan. Taku ɗaya gaba makwancinsa ne, in ka tashe shi ka koma farko.

Wani ƙaramin abu da ke rikita lissafi: Lahadi ta farko a Nuwamba ake mayar da agogon Amurka baya da awa ɗaya, kyamara mara layin waya kuwa ba ta sani ba. In ba ka lura ba sai ka rubuta lokacin da ya saɓa da awa guda, a makon da ya fi kowane muhimmanci. Maganar wata kuma, cikarsa ko duhunsa, maharba na yawan yinta, amma binciken da aka yi da bareyi masu na'urar bibiya a wuya bai nuna yana juya tafiyarsu ba. Saukowar sanyi kwatsam a ƙarshen Oktoba ita ce tsofaffin maharba suka fi amincewa da ita, ni ma ranar nake ajiye wa bishiyata mafi kyau.

Barbara

Gajartar yini ce ke tayar da barbara, don haka lokacinta ba ya gocewa sosai daga shekara zuwa shekara. A jihohin arewa da na tsakiya takan kai ƙoli wajen tsakiyar Nuwamba, a wasu sassan Alabama da Misisipi kuwa sai Disamba ko Janairu. Mako na ƙarshe na Oktoba da kwanakin farko na Nuwamba su ne zinariyar mai kyamara, domin kishimi ya matsu, yana zagaya makartu da haske, amma bai bar unguwarsa ba tukuna. Da mata suka fara karɓa, makarta sai ta yi sanyi, ganye ya rufe ta. Mace kwana ɗaya kacal take karɓa, shi kuma yakan tsare ta yini ɗaya ko biyu a cikin duhuwa, ba ka ganinsa ko'ina. Kada ka ce ya mutu. Ka mayar da kyamarori matsatsi da gefen makwancin mata ta inda iska ke fita, domin ta nan yake bi yana shaƙa ba tare da ya shiga ba. A wannan mako za ka ga baƙin kishimai da ba ka taɓa gani ba, naka ma yana can a kyamarar wani.

Bishiya da rana

Bishiyar da ka ɗaure kyamara ba lallai ita za ka hau ba. Ka nemi wadda take yadi 15 zuwa 25 daga turba, ta gefen da iska za ta ɗauke warinka zuwa inda barewa ba ta bi, kamar rafi ko fili ko gangare mai tsayi. Matsalar ita ce shi ma da iska yake tafiya, don haka iskar da ta fi ba da sa'a ita ce wadda yake ganin tana gefensa, alhali warinka yana wucewa ta gefe kaɗan. A ƙasa mai tudu ka tuna da safe iska na hawa yayin da rana ke ɗumama ƙasa, da yamma ta gangaro. Maharba a can suna cika aljihu da audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya, su saki ɗaya su bi ta da ido har yadi hamsin. Ta fi duk wata manhaja gaskiya.

Hanyar shiga da fita ta kai bishiyar kanta muhimmanci. Bi ta cikin rafi ko kwazazzabo, kada ka ratsa gonar da suke ci da asuba, kada ka gitta turbar da kake tsammaninsa. Ɗaura mazauninka ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, kuma igiyar tsaro na jikinka tun daga takun farko, domin faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke nakasa maharban barewa. Kwanton ɓauna na farko a bishiya shi ne ya fi kowane albarka, kowane na bayansa yana ƙara warinka a wurin. Saboda haka in iskar da littafinka ya nuna ba ta zo ba, ka haƙura ka je wani wuri, ko da hutunka na ƙarewa. In ta zo, ya fito, ka jira ya ba ka gefe ko ya ɗan juya gaba, ka yi bisimilla, ka nufi bayan kafaɗa inda huhu biyu suke. In ka tarar da shi da sauran rai, ka yanka.

Bayan an rufe kaka

Kada ka kwashe kyamarori ranar da aka rufe farauta. Kishimi yakan fito daga barbara a rame, wani ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, sai ya koma kan abinci: ragowar masara, waken suya da ba a girbe ba, 'ya'yan jar oak da suka kai hunturu. Ka mayar da kyamarori can har Fabrairu, za su nuna maka wanda ya tsira da makon da ya zubar da ƙaho, ka san lokacin da za ka shiga nema. Sannan ka ɗauko katunan da ka bari tun Satumba a kusa da makwanci, waɗanda ba ka taɓa ba. Tsofaffin kishimai da yawa suna maimaita zagayensu, su bayyana a makarta ɗaya cikin kwanaki kusan ɗaya shekara bayan shekara. Ka ware duk hoton rana na wanda ya tsira, ka rubuta kwanakin da iskar kowannensu a kalandar baɗi, sannan tun Maris ka je ka zaɓi bishiyar, ka sassabe hanyar kibiya, ka share turbar da za ka bi, ka fita ka bar wurin har ranar.